Ranar da Na Zare Wayar Kaset

Da wuya mako ya wuce wani matashi bai shigo shagona da ke bayan kasuwar Wunti ba, waya a hannu, da tambaya guda: ya biya kuɗin darasin haɗa kiɗa a intanet ne, ko kuwa bidiyoyin kyauta da shawarar abokai sun ishe shi? Kafin in buɗe baki sai ya ƙara da cewa ai aikin ba wuya, abokinsa ya iya cikin wata biyu. Na gaji da ba da amsa a tsaye. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru da ni, daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Wanda ya karanta sai ya zaɓa wa kansa.

Sunana Ɗanjuma. A aji uku na sakandare na tsaya da boko. Na haura shekara ashirin ina ɗaukar murya da haɗa sauti a garin nan na Bauchi, kuma a hannun mutum ɗaya na koya, Oga Bitrus, mutumin kudancin jihar nan da ke da sutudiyo a Yelwa. Ɗaki ɗaya ne da ɗan lungu. An lulluɓe bangon da tsofaffin katifu da kiret ɗin ƙwai don kada sauti ya riƙa dawowa. Kayan aikinmu kuwa mikisa ɗaya ce ta haɗa sauti, makirufo biyu, fiyano, hedifon da aka ɗaure da salatif, kwamfuta, sai wata tsohuwar na'urar kaset da ke ƙarƙashin tebur.

Aikin da ya fara ba ni shi ne naɗe wayoyin na'urori. Wata uku cur ban taɓa komai ba sai waya. In na naɗe ta a murɗe, sai ya warware ta a ƙasa ya koma kujerarsa. Bayan nan ya ɗora ni a kan benci a bayansa, ya ce aikina yanzu sauraro ne. Dokokinsa uku ne, kuma a jere yake faɗinsu kullum. Ta farko, ka saurari aiki sau uku kafin hannunka ya taɓa maɓalli. Ta biyu, abin da aka ɗauka da farko, wanda muke kira ɗanye, ba a gyara a kansa. A kwafe shi, a yi gyaran a kan kwafin. Ta uku, ko kwamfuta na ɗauka, kaset ma ya riƙa juyawa a gefe. Bai taɓa karɓar ko sisi a hannuna ba. Abincin rana ma tare muke ci, shi da cokali, ni da hannu.

Akwai wani aiki da ya nuna mini ko wane ne shi. Matan wani coci ne daga Miri, su goma sha biyu, da tulun kiɗa da kacau-kacau, ga shi makirufo ɗaya ne mai lafiya ranar. Ya ce su fara waƙa. Ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya riƙa zagaya ɗakin a hankali kamar mai neman allura. Da ya zo wani wuri kusa da ƙofa sai ya tsaya, ya nuna ƙasa da ƙafa, ya ce, "Nan." Nan muka kafa makirufon. Ya matsar da mai babbar murya baya taku biyu, ya jawo wata 'yar tsohuwa gaba. Matar da aka mayar baya ta ɓata rai.

"Oga, ni fa ce shugaba."

"Na sani, Mama. Ke ko daga Miri kika yi, za a ji ki a nan."

Suka fashe da dariya, aka ɗauka sau ɗaya, aka gama. Haka yake yi da masu bege da mandirinsu, haka yake yi da mawaƙan biki, haka da yaran 'yan siyasa da ke so a ɗaga sunan ubangidansu har ya danne kiɗa. Kowa da wurin tsayuwarsa, kuma da kunne yake gano wurin.

Sai zamani ya juya. Waƙa ta koma cikin wayar hannu. Sababbin sutudiyo suka buɗe, ɗaliban jami'a daga Gubi suna haɗa kiɗa a ɗakin kwanansu, sautinsu na fita garau, da nauyi, kamar wanda ake yi a manyan birane. Namu kuwa in ka sa shi kusa da nasu sai ka ji kamar an rufe shi da bargo. Mawaƙan da muka yi shekaru da su suka fara wucewa ta ƙofarmu ba su leƙo ba. Na tambayi Oga me ya sa nasu ya fi namu haske. Ya ce bai sani ba. Gaskiya ya faɗa, bai sani ba ɗin. Daga ranar na fara yi wa maganarsa kallon maganar tsoho.

Na sayar da babur ɗina na biya darasin wata shida a intanet. Malamin Bature ne, a wata ƙasa mai nisa yake, ban taɓa ganinsa ba sai a fuskar kwamfuta. Turancina bai kai ba, don haka kowane darasi sai na maimaita shi sau huɗu ko biyar, ina rubutawa a littafi. Da Oga ya ga na fara zuwa aiki a keke-napep, ya tambaye ni ina babur. Na gaya masa. Sai ya ce, "To, Allah ya sa malamin naka ya san Bauchi."

A nan dole in yi wa malamin adalci, don ba na son wani ya karanta wannan ya ce na ce darasin kuɗi banza ne. Na ƙaru sosai. A wurinsa na san yadda ake rage ƙugin da ke cikin murya, da yadda ake buɗe wa kowane abin kiɗa wurinsa don kada su hau kan juna, da dalilin da ya sa sautinmu ke fita a dushe. Abin da Oga ya kasa bayyana mini cikin shekara goma sha wani abu, wannan mutumin ya zana mini shi a darasi biyu. Cikin 'yan watanni wasu daga cikin mawaƙanmu suka dawo. Oga da kansa ya sa hedifon ya ji wani aikina, ya gyaɗa kai, ya ce na wuce shi a wannan fannin.

Darussa biyu ne suka shige mini kai fiye da sauran. Na ɗaya a kan daidaita bugu ne. A manhajar da muke aiki da ita akwai layuka a tsaye, kowane layi wurin da bugu ya kamata ya faɗa. In makaɗi ya yi gaggawa ko ya makara, maɓalli ɗaya za ka danna, kowane bugu ya koma kan layinsa. Na biyu a kan tsabtar sauti ne: duk wata tsohuwar na'ura da ke jone da mikisa tana iya kawo ƙugi, a zare ta. Na gwada, na tarar kaset ɗin Oga ne ke kawo wani ɗan ƙugi da muka saba da shi har ba ma jinsa. Na gaya masa. Ya ce ya san da ƙugin tun kafin in zo, a bar shi.

Ana cikin haka Alhaji Hamisu ya kawo aikinsa. Babban mahauci ne, kuma shi ke aiko mana da yawancin aikin bikin mahauta. Wannan karon ba waƙa yake so ba. Mahaifinsa marigayi yana da take, wato kiɗan kalangu da aka yi masa shi kaɗai, wanda in an buga kowa ya san da shi ake. Mutum ɗaya ne ya rage da ya iya buga shi yadda yake, Baba Garba, wani tsohon makaɗi da ke zaune a Zungur. 'Ya'yansa babu wanda ya gaji kalangu. Alhaji ya ce yana so a ɗauki taken a ajiye, a sa a bikin ɗansa, jikoki kuma su tarar da shi.

"Tsohon nan ƙarfinsa ya ƙare," in ji shi. "Da ƙyar na shawo kansa. Sau ɗaya zai zo."

Ranar da aka sa ta faɗo daidai da ranar da Oga zai je ɗaukar taron wani coci a wajen gari. Da safe, yana ɗaure kaya a bayan mota, ya juyo ya ce mini, "Ɗanjuma, ka kunna kaset. Ɗanyen kuma kada ka taɓa shi sai na dawo na ji." Na ce to. Motar na ɓacewa na durƙusa ƙarƙashin tebur na zare wayar kaset. Ina so in nuna masa yadda kalangu ke fita in babu ƙugi.

Wajen ƙarfe goma aka kawo Baba Garba a bayan babur, ya rungume kalangunsa cikin buhu. Bai shigo ba sai da ya shanya gangar a rana kusan rabin awa, yana taɓa fatar da yatsa, yana jan igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ya shigo ya dubi kiret ɗin ƙwan da ke bango ya ce, "Kaji kuke kiwo a nan ko kiɗa?" Na miƙa masa hedifon, ya ture.

"Kunnen da Allah ya ba ni bai lalace ba, yaro. Kai dai kama abinka."

Ya saƙale kalangun a hammata, ya ɗauki gula, sandar bugun. Ya buga taken sau biyu. A ƙarshen na biyu ya ajiye gula, yana haki, ya ce, "Shi ke nan. Abin da ya rage mini ke nan na ba ka." Aka ba shi ruwa, aka mai da shi Zungur kafin azahar.

Da na buɗe aikin a kwamfuta sai na ga bugun a warwatse. Wani ya riga layi, wani ya makara. Akwai wuri ɗaya, kusa da ƙarshen kowane zagaye, da gangar ke tsayawa ta bar rami mai faɗi kafin bugun ƙarshe ya sauka. Na ce a raina tsufa ne, hannu ya gaji. Na danna maɓallin, kowane bugu ya hau layinsa, ramin ya rufe. Sannan na bi na goge ƙarar igiyoyi da numfashin tsohon, na datse jelar kowane bugu, wato ɗan nishin nan da kalangu ke yi in an matse shi. Kwana huɗu ina wannan aiki. Oga ya dawo, ya tambaya, na ce ya bari sai na gama zai ji. A rana ta uku kwamfutar ta ce wuri ya cika. Na duba abin da ya fi cin wuri, na ga ɗanyen ne. Na ce ai ga gyararre ya fi shi kyau. Na goge shi.

Ranar da Alhaji Hamisu ya zo ji, Oga na zaune a gefe. Na kunna manyan sifiku. Sautin ya fito tas, babu ƙugi ko kaɗan. Alhaji ya saurara har ƙarshe, hularsa a gwiwa. Sannan ya ce, "To, yanzu sa mini na Baba Garba."

"Shi ne wannan, Alhaji."

"A'a. Na Baba Garba nake nufi, wanda ya zo ya buga."

"Wallahi shi ne. Gyara shi kawai na yi."

Ya ce in sake sawa. Da aka zo kusa da ƙarshen zagaye ya ɗaga hannu, bugun ya riga hannun sauka. Ya dube ni.

"Ka ga nan? A nan gangar take jira. Babanmu yana zaune a rumfa, in aka zo nan sai ya ajiye wuƙa ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu, sai ya gama miƙewa sannan a sauke bugun. Mutum ne mai jiki, ba ya tashi da sauri. Don shi aka bar wurin. Yanzu a ina zai miƙe?"

Oga ya ce, cikin sanyin murya, "Ba komai, Alhaji. Ɗanjuma, sa masa ɗanyen." Na ce na goge. Ya ce, "To ɗauko kaset." Ban motsa ba. Ya sunkuya da kansa ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ga wayar a ƙasa, a naɗe tsaf yadda ya koya mini.

Washegari da safe muka ɗauki kaya, ni da Oga, muka tafi Zungur. Mun tarar da Baba Garba kwance a zaure. Kwana biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakinsa ya ɗan karkace, amma ana gane maganarsa. Oga ya yi masa bayani. Tsohon ya daɗe yana kallona.

"Kai ne mai kajin?"

"Ni ne, Baba."

"Na ba ka a hannu, ka zubar."

Ya yi ƙoƙarin yin taken da baki, muka ɗauka, amma numfashinsa bai kai wurin jiran ba. Daga baya Alhaji ya nemo wasu makaɗa biyu, ya riƙa kwatanta musu, su ma suka gwada. Ya ce sun kusa, amma ba shi ba ne. Ni ma na zauna na yi ta buɗe ramin a kwamfuta, ina matsar da bugun gaba da baya. Wurin zan iya buɗewa, amma nishin da na datse ba ya dawowa. Aka yi bikin babu taken. Baba Garba bai ga damina ba.

Na rubuta wa malamin intanet, na bayyana masa komai da ɗan Turancina. Ya amsa cikin mutunci. Ya ce bai taɓa jin irin wannan ganga ba, darasinsa na daidaita bugu don kiɗan rawa na na'ura ya yi shi, kuma ai ya yi maganar ajiye ɗanye a darasi na biyu. Na duba littafina. Ya yi. Layi ɗaya na rubuta a kai na wuce, saboda na riga na ji shi a bakin Oga, na ɗauka ba shi ne abin da na biya ba.

Oga bai yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Da muka dawo daga Zungur ya durƙusa, da gwiwarsa mai ciwo, ya mayar da wayar kaset wurinta. Yana miƙewa ya ce, "Laifina ne. Da na riƙa karɓar kuɗinka duk wata, da ka ji maganata."

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Alhaji Hamisu bai zage mu ba, bai kai ƙararmu ko'ina ba, kawai bai sake aiko mana da aiki ba, sauran mahauta kuma suka bi sahunsa. Muna cikin wannan sai annobar nan ta zo aka hana taro. Babu biki, babu taron coci, babu masu bege. Wata da watanni muna buɗe shago mu share mu rufe. Da aka sassauta, Oga ya ce idonsa da gwiwarsa sun gaji, zai koma garinsu ya yi noma. Ya sayar da fiyano da mikisa. Kaset ɗin kuwa ya sa a kwali ya ajiye mini a bakin ƙofa. Shekara biyu bayan nan aka aiko mini cewa ya rasu. Na je jana'iza. Matan Miri ne suka yi waƙa, babu makirufo.

To, ga amsata ga masu tambaya, a jere. Da farko, in kana da hali ka biya darasi, ka biya. Akwai abin da ba za ka samu a bakin kowa a garin nan ba. Na biyu, ka sani wanda ka biya zai koya maka abin da ya sani ne, bai san wanda zai shigo shagonka gobe ba, bai san don wa aka bar rami a cikin kiɗa ba. Na uku shi ne wanda ya fi wuya: in wani ya zaunar da kai a bayansa ya gaya maka magana bai karɓi komai ba, ka rubuta ta da irin hannun da kake rubuta wadda ka sayar da babur dominta.

Duk wanda ya ce yana son koyo a wurina, ba na karɓar kuɗinsa. Nakan zaunar da shi, in sa masa gyararren taken nan sau uku, in tambaye shi me ya ji. Yawancinsu sukan ce, "Oga, wannan ai ya fita fes. Da wace manhaja ka yi?" Sai in miƙa masa waya in ce ya naɗe.

Ɗan Alhaji Hamisu, wanda aka yi bikin nasa, yakan biyo ta shagona wani lokaci. Yanzu yana da 'ya'ya uku. Ya taɓa tambayata, tunda ni ne na sa hedifon ranar, ko zan iya tuna tsawon jiran, ko da da tafi ne in kwatanta masa. Na ce masa ba zan iya ba. Sau biyu Baba Garba ya buga taken a cikin kunnena, ni kaɗai a duniya, amma ban saurara ba. Layukan kwamfuta nake kallo.

Kaset ɗin Oga yana nan ƙarƙashin teburina, a jone. Kowane aiki aka fara sai na danna shi tukuna. Yaran sukan ce, "Oga, akwai wani ɗan ƙugi a sifikar nan." Nakan ce musu na san da shi, a bar shi.